Yatsa Huɗu a Gada ta Uku

Jirage goma sha ɗaya ne a da suke ɗaure a gaɓar kogi a garin Bijbihara, kuma babu ko guda cikinsu da Subhan bai sa kafaɗa ba ranar da masu shi suka tashi. Haka mutanen ruwa ke yi. In gida zai yi ƙaura, maza su ɗauki sandunan tuƙi, mata su taya ɗaurin kaya, a raka jirgin har inda za shi, mai gidan ya cika kowa da shayin gishiri da gurasa, sannan a dawo a ƙafa ana ba'a. Shekara da shekaru ana wannan taimakekeniya, ba wanda ya zauna ya yi tunanin cewa dole wani ne zai zama na ƙarshe. Subhan ne ya zama. Shi ma bai farga ba sai ranar da tasa ƙaurar ta zo, ya leƙa dama da hagu ya ga turaku tsirara, babu igiya ko ɗaya.

Jirginsa dunga ce irin ta da, ɗakuna uku a jere, madafa a baya, da rufin katako mai tsororuwa wanda ubansa ya sassaƙa da hannunsa. A cikinta aka haife shi, a cikinta ya yi aure, a cikinta matarsa Mukta ta rasu, shekara biyu ke nan. 'Ya ɗaya Allah ya bar musu, Saja, wadda ke aure a birnin Srinagar, gidan maƙeran tagulla, mutanen tudu tun kaka da kakanni. Sau uku tana aiko masa ya sayar da katakon ya zo ya zauna a ɗakin ƙasa na gidansu. Ya gwada sau ɗaya, kwana uku. Ƙasa ba ta motsi, barci ya ƙi zuwa, ga surukar Saja da ke wanke kofin da ya sha sau biyu tana kallon gefe. Ya dawo ruwa ya ce a bar maganar.

Sai ranar wata Litinin mai jirgin yashi ya kawo saƙo. Mijin Saja ya kafa masa turke ƙasa da gada ta uku, daidai matakalar da matan gidansu ke saukowa wanki. Amma ƙa'idar bakin kogi ba ta san surukuta ba: turken da rana ta faɗi masa ran Juma'a babu igiya a wuyansa, na wanda ya riga ɗaurewa ne, kuma akwai masu jirgin gawayi da suka sa wa wurin ido. Subhan ya ji saƙon sarai, amma ya sa aka maimaita masa, don daɗin ji kawai. Ba ɗakin kowa, ba kofin kowa, gidansa ne zai matsa kusa da 'yarsa, ta riƙa saukowa yana ganinta. Abin da ya rage masa da yake so a duniya ke nan, kuma bai ɓoye wa kansa ba.

Talata da hantsi ya kwance igiya.

Dunga aikin mutum biyu ce, ko da ruwa ne ke tura ta: namiji a goshi da sanda, mace a baya da filafili tana juya kan jirgin. Subhan ya ɗaure filafilin da igiya a miƙe, ya koma gaba. Lokacin narkewar ƙanƙara ne, kogin Jelam ya cika ya yi ja, yana gudu kamar wanda aka aika. A miƙaƙƙiyar hanya dabarar ta yi aiki. A kwanar farko kuwa, da ya ga kan jirgin na neman gaɓa, sai bakinsa ya riga hankalinsa.

"Mukta, hagu! Hagu na ce miki!"

Jirgin ya tafi abinsa ya soki laka. Subhan ya tsaya da sanda a hannu, kunya ta rufe shi kamar akwai mai ji, alhali daga shi sai wasu agwagi da ba su ko ɗago kai ba. Shekara biyu bai yi wannan kuskuren ba, har yana ganin ya iya haƙuri. Ashe zama wuri ɗaya ne ya rufa masa asiri. Ya shiga ruwan nan mai yanka ƙashi har ƙugu, ya tura, ya hau. Daga nan in ya hango kwana sai ya ruga baya ta cikin ɗakunan uku, ya kwance filafili ya juya, ya sake ɗaurewa ya rugo gaba, tsoho mai shekara sittin da ɗoriya yana zarya a gidansa kamar wanda ake kira ta ƙofa biyu. Duk da haka sai da ya ƙara kiran sunan sau biyu kafin la'asar.

Kwana uku yana wannan. Gonaki sun yi rawaya da fure, ƙauyuka suna zuwa suna wucewa, kowanne da hayaƙinsa da matansa a bakin ruwa. In ya gaji ya ɗaure a gindin bishiya, ya dafa shinkafa da busasshen ganye, ya ci a tsaye, don zama a gaban akushi shi kaɗai ya fi yunwa ciwo. Ran Laraba wani jirgin katako ya gifta shi, maza shida na janye da shi ta gaɓa.

"Baba, ina mutanenka?" in ji ɗayansu.

"Suna gaba."

"To ka makara ke nan! Yi sauri kada su cinye tuwon!"

Suka yi dariya, shi ma ya yi. Muryar da ta yi magana da shi ke nan tun da ya tashi, kuma ya daɗe yana juya ta a ransa bayan sun ɓace.

Juma'a da safe ya shiga birni. Gidaje hawa uku hawa huɗu suka matse kogin, tagogi a kan tagogi, kowace da fuska, babu wadda ya sani. Gada ta farko ya wuce ta lafiya. Ta biyu sai da ya riƙe numfashi. Da ya hango ta uku, tsohuwar gadar katako mai faɗaɗɗun ƙafafu, tun daga nesa ya ga ta yi ƙasa, ya rage gudu. Ya ja gefe ya ɗaure a wata matakala sama da ita, ya ɗauki sanda ya hau gadar, ya kwanta rub da ciki mutane na tsallake shi, ya zura sandar har ta taɓa ruwa, ya yi alama daidai ƙasan katakon. Ya dawo ya gwada da tsayin jirginsa. Ya sake hawa ya sake gwadawa, ko ya yi kuskure. Bai yi ba. Tsororuwar rufin ta fi ƙasan gadar da yatsa huɗu.

Daga inda yake tsaye yana hango turken ta tsakanin ƙafafun gadar, sabon itace fari, ko jifa ya yi zai kai. Can gefe kuma ga jirgin gawayi, da mutum biyu zaune a kai suna shan taba ba su gaggawar komai.

Akwai mai gurasa a saman matakalar, wani ƙato mai jajayen idanu saboda tanda, sunansa Jabbar. Tun ɗazu yake kallon tsohon nan da sandarsa.

"Baba, gidan na sayarwa ne ko na haya? Ka tare mini matakala."

"Wucewa zan yi."

"Ta ina? Ta sama?"

Subhan ya nuna masa yatsu huɗu, ya nuna turken, ya ce rana na faɗuwa ya rasa shi, kuma 'yarsa a nan take.

"Ruwan nan ba zai sauka ba sai bayan wata guda," in ji Jabbar. "Ƙanena kafinta ne, bari in kira shi. Kafin ka gama hamma ya sare maka tsororuwar."

"Ubana ne ya sassaƙa ta."

"To uban naka bai san da gada a duniya ba?"

"Ya sani. Yana da maƙwabta ne."

"Maƙwabta su yi me? Su ɗaga gadar?"

"Su shigo su zauna," in ji Subhan. Ya yi masa bayani kamar yadda ake yi wa yaro, don abin mamaki ne a ce mutum ya girma a bakin kogi bai san wannan ba. In rufi ya fi gada, ba rufin ake ragewa ba, gidan ake cikawa da mutane, ya nutse kaɗan, ya wuce.

Jabbar ya sosa ƙeya. "Mutum nawa?"

"Arba'in za su yi."

"Kana da su?"

Subhan ya waiwaya ya dubi jirgin, kamar mai yiwuwa ne wani ya fito. "In ka sa da ni, saura talatin da tara."

Ya yi tunanin hawa gidan surukansa ya kira su. Amma a ce maƙeran tagulla su sauko su zama masa nauyin jirgi, a gaban unguwarsu? Saja ce za ta sha maganar har ta tsufa. Sai ya tsaya a bakin hanya yana yi wa masu wucewa sallama. Kafin ya kai ga bayani sun ce Allah ya ba da haƙuri sun yi gaba. Wani ma ya danƙa masa kwabo a tafin hannu bai ko dubi fuskarsa ba. Subhan ya tsaya yana kallon kwabon, idonsa ya kawo ruwa. Bai taɓa jin kaɗaici a tsakiyar kogi irin wanda ya ji a wannan titin mai cike da mutane ba.

"Baba, dawo nan, ka ishe ni da ban tausayi," in ji Jabbar. "Mutanen garin nan ba a roƙonsu, zaginsu ake yi. Bari a sauko daga masallaci."

Jin haka Subhan ya shiga hidima. Ya share ɗakunan, ya shimfiɗa tabarmi, ya jawo babbar samawar, tukunyar shayi ta tagulla, wadda rabonta da wuta tun bikin Saja, ya zuba garwashi a cikinta, ya haɗa shayin gishiri har ya yi ja yadda ake so. Ya fito da kofuna daga akwati, masu baki da marasa baki, ya wanke. Ya sayi gurasa arba'in.

"Wa zai ci?" in ji Jabbar.

"Waɗanda za su shigo mana. Mutum ya shiga gidana ya fita haka?"

"Baba, mutanen birni ne fa."

Subhan bai gane abin da yake nufi ba, ya ɗauki gurasarsa ya sauka.

Ana sallame Juma'a Jabbar ya haye dakalin shagonsa ya buɗe maƙogwaro. "Jama'a! Duk wanda ya ci gurasata ya yi teɓa, yau ranar amfaninsa ta zo! Haji, kada ka sulale, na gan ka, kai kaɗai mutum uku ne! Kai tela, zo, ko ba ka da nauyi ka cike lissafi! Zama kawai za ku yi, aikin da kuka fi iyawa!"

Aka yi dariya, aka yi tsaki, aka fara sauka. Hajin, wani mai sayar da yadi, ya taka katakon shiga yana salati, jirgin ya yi ƙara, aka sa masa ihu. Takalma suka taru tsibi a ƙofa. Suka cika ɗakin gaba, suka cika na tsakiya, gwiwa na gugar gwiwa, wannan na cewa a matsa, wancan na cewa ba shi ya taka shi ba. Wani ya shafa bango ya ce, "Ashe cikin tsaf yake," kamar an ce masa a bola suke kwana. Subhan bai ji haushi ba. Yana tsaye a goshi yana jin gidan na sauka ƙarƙashin ƙafafunsa da shigar kowane mutum, ga hayaniya na fitowa ta tagogin da suka yi shekara biyu shiru, sai ya ji wani daɗi ya lulluɓe shi. Ya duƙa ya gwada. Gidan ya nutse yatsa uku.

"Saura ɗaya!" in ji Subhan.

Jabbar ya juya ga matan da ke wanki a matakala. "Iyayenmu, ku taimaka, mazanku sun gaza!" Mata shida suka yarfe hannu suka shigo, suka nufi ɗakin baya suna rufe baki da mayafi. Jabbar ya rufe shago ya shigo shi ma. Yatsa huɗu, har da ɗan ƙari.

Ta ƙarshen matan, wata tsohuwa busasshiya da ake kira Jana, ba ta shiga ɗaki ba. Ta zarce baya ta tsaya a kan filafilin nan ɗaurarre.

"Kai mai jirgi! Wa ke riƙe maka baya?"

"Igiya."

"Igiya! Za ka kashe mutum arba'in da igiya?" Ta tsuguna ta kwance, ta zauna ta naɗe ƙafa ɗaya, zaman da ba a koyonsa a tudu. "Shekara talatin rabona da ruwa, amma hannu bai mutu ba. Ka ji da gabanka. Kuma kada ka ce mini hagu ko dama, ina da ido."

Ya kwance. Ruwa ya ɗauke su, jirgin ya yi nauyi ya natsu, yana bin filafili kamar ba shi ne ya kwana uku yana wahalar da shi ba. Gadar ta taso musu. Hira ta mutu a ciki. Inuwa ta rufe goshi, ta rufe ɗakin gaba, Subhan ya kafa sanda a ƙafar gadar ya tura da duk abin da ya rage a jikinsa. Sama da kansa tsororuwar ta gogi katako, ƙiii, ƙura ta zubo, Haji ya ɗaga murya da salati. Sai haske. Waɗanda ke kan gada suka sa ihu, na ciki suka amsa, wani ya daki bayan wani, tela ya rantse shi ne cikon yatsan ƙarshe. Jana ta karkato da jirgin ta ajiye shi a gindin turke kamar an auna. Subhan ya jefa igiya ya ɗaure, ƙulli biyu, tun la'asar ba ta yi ba. Masu gawayi suka tofar da yawu a ruwa suka kau da kai.

Ya ruga madafa ya fara tsiyaya shayi. Kofi biyar ya cika ya jera a faranti. Yana fitowa ya tarar ana neman takalma.

"Ku tsaya! Shayi! Ga gurasa!"

"Allah ya sa albarka, Baba, na bar shago a buɗe."

"Wata rana, Baba."

"Kofi ɗaya dai! Haji, kofi ɗaya!"

Haji ya dafa kafaɗarsa ya ce ya yi masa uzuri, gishiri ba ya yi masa daɗi da rana. Matan suka tuna da wankinsu a sama da gada. Ba wanda ya yi masa wulaƙanci, kowa da fara'arsa da addu'arsa, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Su a wurinsu an gama, an sami labarin da za a ba iyali. Jabbar ya kurɓi kofi guda a tsaye ya ce tanda na jiransa. Jana ta jingine filafili, ta dubi samawar, ta dubi tarin gurasar, ita kaɗai ta san me ake nufi da su.

"A nan ba a zama," ta ce. "Za ka saba." Ta ɗauki gurasa ɗaya don kada ta kunyata shi, ta hau.

Yana tsaye da faranti, gidan na ɗagowa da fitar kowane mutum, har ya koma yadda yake, sakayau. A jikin jirgin ga layin jiƙa yatsa huɗu sama da ruwa, ya fara bushewa. Katakon sama da ya daɗe bai ga ruwa ba ya sha ta tsagogi, ruwa ya taru a ƙarƙashin daɓe. Subhan ya ajiye faranti, ya ɗaga katako biyu, ya ɗauki kwano ya fara kwarfa.

A haka Saja ta same shi. Ya ji takunta a kan katakon shiga tun kafin ta yi sallama. Ta yi ƙiba kaɗan, ta yi fari irin na masu zaman ɗaki.

"Baba, sannu da hanya. Ta taga na ga wucewarku, na so in sauko, baƙi ne a gidan." Ta dubi ƙafafunsa a cikin ruwa, ta tuɓe takalmanta na birni, ta tattare riga, ta karɓe kwanon. "Kawo. Ka rame. Kai kaɗai tun daga Bijbihara?"

"Ruwa ne ya yi aikin."

Ta yi ta kwarfa, shi kuma ya zauna yana kallonta, ya ji duk gajiyar kwana ukun ta biya. Da ta ɗago ta ga kofunan a jere sai ta yi dariya, dariyar ta tsaya a rabi.

"Baba, wa zai sha duk wannan?"

"Ke. Ki sha na yau, gobe in kin sauko wanki in ɗumama miki saura."

Ta ɗauki kofi ta riƙe da hannu biyu, ba ta dube shi ba. "An jawo mana famfo har tsakar gida, watan jiya. Yanzu ba ma saukowa." Ta kurɓa. "Ban bari an faɗa maka ba, na ji tsoron kada ka fasa zuwa. Amma zan riƙa neman dalili, Baba. Wallahi zan riƙa nema."

Subhan ya dubi matakalar. Sai yanzu ya lura gansakuka ta fara cin duwatsunta.

"Famfo abu ne mai kyau," ya ce. "Ruwan nan sanyi gare shi, yana fasa hannu."

Daga can sama wata murya ta kira sunanta, sau biyu, na biyun da kaifi. Saja ta ajiye kofin da saura, ta goge ƙafa, ta sa takalma. Ta taka katako ta hau tudu. Bayan mutum arba'in, nauyin mace ɗaya bai kai a ce jirgi ya motsa ba, ko kaurin ƙwayar shinkafa bai ɗago ba. Amma Subhan ya ji shi a tafin ƙafarsa, kuma ya fi na arba'in ɗin ciwo. Ya ɗauki kwanon ya ci gaba da kwarfa.